Yadda Gidan Tsoro na Halowin Ke Satar Idon Mai Shiga

A bikin gidajen tsoro na Halowin da ake yi a Orlando, ƙarfe 6:30 na yamma ake buɗe ƙofa, a mafi yawan darare kuma ƙarfe 2 ake tashi. Awa bakwai da rabi ke nan, wato minti 450. Gidajen tsoro goma ne a cikin filin. Idan kowane layi ya ci maka minti 45, dare ya ƙare ƙaf ba ka sa komai a baki ba, ba ka yi sallah ba, balle a yi zancen tafiyar da ke tsakanin wannan gida da wancan. Ga shi kuma a daren Asabar na ƙarshen Oktoba layin gidan da ake rububi yakan haura awa ɗaya da rabi, alhali gidan kansa minti huɗu ko biyar ne ka fito. Wannan lissafi na fara yi kafin in sayi tikitin Halloween Horror Nights, bikin da kamfanin Universal ke yi a filin wasanninsa na Orlando a jihar Florida, kuma shi ya tsara mini duk abin da ya biyo baya.

Halowin dai daren 31 ga Oktoba ne. Asalinsa bikin ƙarshen kaka ne na mutanen Ailan da Sikotilan na dā, ya gauraya da jajiberin ranar tunawa da waliyyai ta Kiristoci, sannan 'yan ci-rani suka tsallaka da shi Amurka a ƙarni na 19. Malamai da yawa suna hana Musulmi shiga sha'aninsa saboda wannan asali, don haka mai niyya ya san da zancen tun yana gida. Abin da zan bayyana shi ne sana'ar da ta tsiro a gefen bikin: a gina lunguna da katako da labule, a zuba 'yan wasa da injuna, mutum ya biya kuɗinsa ya bi ta ciki a ƙafa ana razana shi. Filin Knott's Berry Farm da ke Kalifoniya ya fara nasa a 1973. Universal na Orlando ya fara a 1991 da darare uku da gida ɗaya tak. Yanzu yana kankama tun ƙarshen Agusta ko farkon Satumba har zuwa farkon Nuwamba, darare sama da 40.

Tikitin dare daban yake da na rana, kuma kuɗinsa yana bin ranar da ka zaɓa. Laraba ko Alhamis a cikin Satumba ta fi araha, ta kuma fi ƙarancin jama'a, ita na ɗauka. Akwai ƙarin tikiti na gajeren layi wanda ke ba ka shiga kowane gida sau ɗaya, amma sau da yawa kuɗinsa ya fi na shigar kanta. Wanda ba zai saya ba, dabararsa sammako. A ranakun bikin ana rufe filin ga masu yawon rana da ƙarfe 5, amma mai tikitin rana da na dare duka biyu ana barinsa ya jira a wasu keɓaɓɓun wurare a ciki, a sake su tun kafin na waje su gama shigowa. A wannan 'yar tazarar ana iya gama gidaje biyu ko uku. Ana farawa ne da gidajen da aka gina kan sanannun fina-finai, domin su ne layinsu ke fara kumbura kuma ba ya sacewa sai tsakar dare.

Kayan jiki: takalmi rufaffe mai daɗin tafiya, domin za ka yi kilomitoci a ƙafa, kuma silifa takan fice a duhu in na bayanka ya taka ta. Riga mara nauyi, saboda Orlando a Satumba zafi ne mai ɗanshi ko da dare, ga ruwan sama da kan sauko ba sallama, ba a kuma ɗage bikin don ruwa. Rigar leda ta fi laima amfani. Ana bi ta na'urar bincike kafin a isa ƙofa, ba a shiga da fuskar dodo ta ado, ba a ɗaukar hoto a cikin gidajen, kuma su da kansu sun ce abin bai dace da yaron da bai kai shekara 13 ba. Ana sayar da giya a ko'ina cikin filin. A Satumba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 7:30, wato Magariba tana shiga daidai lokacin da layuka suka fi gajarta, sai mutum ya zo da alwalarsa ya kuma riga ya nemi wurin da zai tsaya tun da sauran haske.

Sammakon nan yana da nasa hasarar. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai. Gidan farko da na shiga rana ba ta gama faɗuwa ba, ɗakuna biyu na farko ban ga komai ba sai baƙi, ina lalube da ƙafa. An kashe kuɗi an ƙawata bango, ni kuwa na wuce kamar makaho. Magani shi ne sa baƙin tabarau a layi, a cire a bakin ƙofa. Da dare ma haka wayar hannu ke yi wa mutane: awa guda suna kallon allo mai haske, su shiga ido bai shirya ba. Minti biyar na ƙarshe a layi, waya ta koma aljihu.

Ga yadda cikin yake. Ɗakin farko galibi ba a razana kowa. Aikinsa ya gaya maka inda kake: ƙofar tsohon asibiti, ko bakin maƙabarta, ko barandar wani gida a ƙauye. Sanyin na'ura ya buge ka, sauti mai kauri ya cika ƙirji, sai wari, domin akwai ƙananan na'urori da ke fesa warin ƙasa mai laima, ko na ƙonannen itace, ko na ruɓaɓɓen nama. Daga nan hanya ta tsuke, ta koma faɗin mutum ɗaya, tana lanƙwasa kowane taku biyar ko shida. Lanƙwasar ba ado ba ce. Ita ke hana ka hango abin da ke samun na gabanka.

A nan ne bambancin fim da gida ya fito mini fili, kuma shi ne jigon sana'ar gaba ɗaya. Mai shirya fim yana riƙe da idonka. Inda kyamara ta duba nan za ka duba, abin da ya bar wajen allo ba ka da ikon waiwayawa ka gani. Mai gina gidan tsoro ba shi da wannan gata, kanka naka ne, kana iya juya shi duk inda ka so. Saboda haka dole ya saci idon. Zai ajiye gado a tsakiyar ɗaki, a kai mutum-mutumi yana karkarwa, fitila ɗaya tana haska shi. Duk wanda ya shigo can zai zuba ido yana jiran abin ya tashi. Ba zai tashi ba. Ɗan wasan yana bayan bangon da ke hagunka, cikin wani ɗan ɗaki da bai fi tsayuwar mutum ɗaya ba, yana leƙenka ta wata 'yar kafa ko ta baƙin ƙyalle mai shara-shara. Kana zuwa daidai da shi sai ya taka maɓalli da ƙafa ko ya danna da hannu, fitila mai ƙarfi da ƙara su tashi lokaci ɗaya, shi kuma ya faɗo. Daƙiƙa biyu ya koma. A wasu wuraren wani allo ne a jikin bango, mai kama da hoton da aka rataye, yake zamewa ƙasa da ƙarar "ƙwas", fuska ta bayyana a gurbinsa. Ƙarar faɗuwar allon ita ke yin rabin aikin.

Dabarar ta girmi gidajen. A fim ɗin Cat People na 1942, wata mata tana tafiya ita kaɗai da dare, takun da ke binta ya ɗauke, shiru ya yi tsawo, sai ga huci mai ƙarfi kamar na damisa, ashe motar bas ce ta taka birki a gabanta. Har yau masu sana'ar suna kiran wannan salo da sunan furodusan fim ɗin, Val Lewton, da bas ɗinsa. Shiru mai tsawo, sannan ƙara daga inda ba a zata ba. Duk wanda kakarsa ta taɓa yi masa tatsuniyar Dodo da dare ya san abin: murya ta yi ƙasa-ƙasa har yara su matso, sai ta daka tsawa ta cafke ƙafar na kusa. Jiki yana zabura kafin hankali ya gane me ya faru, shi ya sa ko ka san ƙarya ne sanin ba ya hana gabanka faɗuwa.

Akwai ƙa'idar da na lura ana bi a kusan kowane ɗaki: ana razana mutum daga gefe ko daga baya, ba daga gaba ba. Dalilin na kasuwanci ne. In dodo ya tare gaba, mutane su ja da baya su taka na bayansu, layi ya tsaya cik. In ya fito daga baya, gaba za su yi da sauri, hanya ta buɗe wa masu zuwa. Don haka wanda yake son a razana shi sosai kada ya shige gaba yana taƙama da jarumta. Na gaba yakan wuce ɗan wasa yana kallonsa, na biyu ko na uku ake faɗo wa. Su kuma 'yan wasan suna da ido: wadda ta ƙanƙame ƙawarta tana rufe fuska ita suke jira, mai tafiya hannu a aljihu yana murmushi sukan bar shi ya wuce.

Babban abin da ke rage armashin manyan wurare irin wannan shi ne yawan jama'a ya sa ba a sakin mutane rukuni-rukuni. Layi ɗaya ne mai gudana kamar jerin tururuwa daga ƙofar shiga har ta fita. Ɗan wasa kuwa yana bukatar daƙiƙa kaɗan ya koma maɓoyarsa ya sake shiri. In ya faɗo wa mutumin da ke taku uku a gabanka, ka ga inda yake, ka kuma wuce shi yana komawa. Mutum yana iya ratsa gida guda a haka, ya ga komai amma ba a razana shi ko sau ɗaya ba, ya fito yana cewa gidan ba daɗi, alhali gurbin da ya faɗa a jerin ne bai yi ba. Abin da ya yi mini aiki shi ne rage taku a kan lanƙwasa har na gabana ya ɓace daga gani, taku huɗu zuwa biyar. Fiye da haka ma'aikatan da ke tsaye cikin baƙaƙen kaya za su yi maka nuni da 'yar tocila ka matsa, kuma da gaskiyarsu. Haka nan 'yan wasa rukuni biyu ne suna karɓa-karɓa saboda zafi da gajiya, in shigarka ta dace da lokacin canji za ka iya tarar da maɓoya biyu ko uku ba kowa. Shi ya sa ba a yanke wa gida hukunci da shiga ɗaya.

Tsakanin gidajen akwai tituna da aka cika da hayaƙi, 'yan wasa suna yawo cikin jama'a. A nan ake haɗuwa da masu injin yankan itace. Injin na gaske ne, ƙararsa da warin fetur ɗinsa na gaske ne, amma an cire sarƙar da ke yanka. Fim ɗin The Texas Chain Saw Massacre na 1974 ne ya dasa wa mutane tsoron wannan ƙara, gidajen tsoro suka gaje ta. Ba sa taɓa kowa, kai ma ba a yarda ka taɓa su ba. In ka ruga za su bi ka, domin gudunka shi ne abin kallon sauran jama'a. In ka ci gaba da tafiyarka sai su nemi wani.

Don in ga ɗaya fuskar sana'ar, na je wani ƙaramin gidan tsoro da ake yi a rumbun ajiyar wata gona a bayan gari. A can rukuni-rukuni ake saki, mutum huɗu zuwa shida, a bar tazarar kusan minti guda. Razanar ta fi kaifi nesa ba kusa ba, domin kowane ɗaki naku ne ku kaɗai. 'Yan wasa ba su da yawa, injuna ke cike gurbi. Akwai babban injin matsa iska a waje, siraran robobi sun ratsa bango zuwa kowane mutum-mutumi. Ƙarƙashin darduma akwai faifan da ke jin nauyin ƙafa, ko a bango a sa na'urar da ke jin motsi. Ka taka, bawul ya buɗe, iska ta tura sanda, gawa ta miƙe zaune daga akwati. Wani bututun kuma iska kawai yake harbawa a idon sawu, kuma duk arharsa ya fi wasu manyan injunan sa mutane tsalle.

A can na ga yadda abubuwa ke lalacewa. Rukunin da ke gabanmu ya tsorata ya tsaya, muka cim musu, sai muka zama mutum goma sha ɗaya a ɗakin da aka tsara wa biyar, injin ya tashi tun na farko na bakin ƙofa, sauran muka tarar yana komawa. Can wajen ƙarshe wani kwarangwal ya taso a hankali kamar mai ciwon baya, alamar iskar tankin ta ragu saboda injuna da yawa sun sha a lokaci ɗaya. Hayaƙi ma an cika shi a wani lungu har fitilar da aka ajiye don jan ido ta dusashe, ba mu san inda ake so mu duba ba, da ɗan wasan ya fito babu wanda ya juya. Hayaƙin nan ba na wuta ba ne, wani ruwa ne mai gilisarin ko makamancinsa da injin ke dafawa ya feso. In ana so ya kwanta a ƙasa kamar hazon maƙabarta sai a bi da shi ta cikin ƙanƙara ya yi sanyi.

Abubuwa biyu a can sun fi dodanni wahalar da jiki. Ɗaya gada ce a tsaye cik cikin wani ƙaton bututu mai ɗigo-ɗigon fenti da ke juyawa. Gadar ba ta motsi, amma ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai ne ke juyawa, sai ka ga ƙato ya rungume ƙarfen gefe. Ka kafa ido a ƙofar fita, ko ka runtse, jirin zai sake ka. Ɗaya kuma hanya ce tsakanin manyan jakunkuna biyu da aka hura da iska, suna matse ka ta dama da hagu cikin baƙin duhu. Ka sa kafaɗa gaba, hannu ɗaya a kan tabarau in kana sawa, kada ka tsaya. Fatalwar da na gani tana shawagi a wani falo kuwa tsohuwar dabara ce da John Henry Pepper ya nuna a Landan a 1862: gilashi a karkace tsakaninka da ɗakin, ɗan wasa yana wani ɓoyayyen ɗaki a gefe, in an haska shi sai inuwarsa ta bayyana a gilashin kamar tana tsaye a falon. Da ita gidan Haunted Mansion na Disneyland, wanda aka buɗe a 1969, yake nuna fatalwowi masu rawa.

Kafin shiga irin waɗannan ƙananan wurare a karanta allon gargaɗi, a kuma karanta duk takardar da aka ce a sa wa hannu, domin wasu suna ba 'yan wasa izinin taɓa mutum ko raba shi da rukuninsa. Fitila mai walƙiya tana iya tayar da farfaɗiya, hayaƙi yana iya tayar da asma, mai ciwon zuciya da mai juna biyu an ce su haƙura. Wanda ya san hannunsa na saurin tashi in ya razana ya riƙe rigar na gabansa ko ya zura hannu a aljihu, domin naushin ɗan wasa yana jawo a fitar da mutum, wani lokaci har da 'yan sanda. Sannan a duba alamar ƙofar gaggawa. Ranar 11 ga Mayu 1984 gobara ta tashi a gidan tsoro na Haunted Castle a filin Six Flags Great Adventure da ke New Jersey, matasa takwas suka mutu a ciki. Bayanta aka tsaurara dokokin irin waɗannan gine-gine a Amurka: bututun yayyafa ruwa a rufi, na'urar jin hayaƙi, da tsarin da zai kashe sautin wasa ya kunna fitilu ya nuna hanyar fita da zarar ƙararrawa ta buga. In ka shiga wuri ka ɗaga kai ba ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, juyawa ya fi.

Muhawarar da aka fi yi a layi ita ce wane fim ne ke yin gida mai kyau, kuma ra'ayina ba mafi ban tsoro ba ne. Fim mai makashi da wuƙa da lunguna yana komawa gida cikin sauƙi, domin dama bi da ɓuya ne. Amma abin da ya sa Halloween na John Carpenter, na 1978, ya yi tasiri ba faɗowa ba ne. Fuskar makashin ta roba ce da aka saya a kanti aka fesa mata farin fenti, kuma wurin da ya fi tayar da tsikar jiki shi ne inda take bayyana sannu a hankali daga duhu a bayan jarumar, ana ƙara mata haske kaɗan-kaɗan. Wannan yana bukatar mai kallo ya zauna wuri ɗaya na tsawon lokaci, gida kuwa daƙiƙa goma yake da ita kafin na baya ya turo ka. The Exorcist na 1973 ya fi wuya: yawancin tashin hankalinsa a ɗakin kwana ɗaya yake, wanda aka sanyaya da injuna har numfashin 'yan wasa ya riƙa fita kamar hayaƙi. Da Universal ya mayar da shi gida a 2016, sai da aka maimaita ɗakin nan sau da yawa, kana fita daga shi kana sake shigarsa, abin yana ƙara muni. Fim yana iya gina zullumi, irin wanda ke bin mutum har gado. Gida razana ya iya, mai tashi nan take ta faɗi nan take, galibi dariya ce ke biyo bayanta.

Masu bincike na Jami'ar Aarhus a Denmark sun auna wannan a wani gidan tsoro mai suna Dystopia a garin Vejle. Sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya, suka wallafa sakamakon a 2020: jin daɗi yana ƙaruwa da tsoro har zuwa wani mataki, in tsoron ya wuce nan sai daɗin ya ragu. Na ga alamar haka a jikina ta wata fuskar. Wajen gida na shida a jere na daina zabura, ƙarar ta zama hayaniya kawai. Hutun rabin awa, da ruwa da abinci a wuri mai haske, ya dawo da ita.

Awar ƙarshe layuka suna sacewa, domin masu yara da masu aiki da safe sun tafi. A lokacin na koma gidan da na fara shiga ido bai saba ba, na jira minti goma sha biyar. Wannan karon ban kalli gadon da ke tsakiyar ɗaki ba. Na kalli bango ina neman inda fenti ya goge saboda zamewar allo, da labulen da ƙasansa ke motsi ba iska, da ƙananan lasifikoki a saman kowace maɓoya. Na ƙirga maɓoya tara kafin in kai tsakiya, na san inda kowa yake. Ta goma a sama take, kan rufin wata kwaba, inda ban ɗaga kai ba.